Kan Auta a Hannun Ƙusa

Shekara goma sha shida Ƙusa yana auren 'yar Tsohon Direba, bai taɓa ce wa surukin nasa a'a ba. Haka ya tashi ya ga ana yi, ga shi kuma tsohon mutum ne mai zafi. Shekara arba'in ya yi yana jan babbar mota, har yau in zai yi magana sai ka ce da ƙarar inji yake gasa.

Ƙusa gyaran inji yake yi a wata masana'antar robobi. Siriri ne, busasshe, ba ya lanƙwasuwa, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Wata uku da suka wuce wurin aiki suka tura shi koyon taimakon gaggawa na kwana biyar, wata nas mai faɗin kafaɗa ta koya musu. Bai rubuta komai ba, don kafin ya gama layi ɗaya ta yi biyar. Da hannu ya riƙe karatun, kamar yadda ya riƙe na inji. Tun daga nan Auta, ƙanin matarsa, ya laƙaba masa Likitan Bokiti, wai in bokiti ya suma a kira shi.

Ranar Asabar da hantsi Ƙusa ya kai matarsa gaida iyayenta. Suka tarar tankin ruwan gidan yana ambaliya. Auta, ƙato ɗan shekara talatin, ya jingina tsani ya hau dubawa, silifa a ƙafa, siminti a jiƙe. Ƙusa yana durƙushe yana gaida tsohon ya ji ƙarar tsani, sannan wata ƙara kamar an yar da buhun hatsi.

Shi ya fara isa, amma bai taɓa Auta ba tukuna. Ya ce wa matarsa ta kashe injin jan ruwan, don wayar wutar injin tana kwance cikin ruwa. Ya janye tsanin da ya rataye rabi a bango. Sannan ya zube ta wajen kan Auta, ya kafa gwiwar hannunsa biyu a ƙasa, ya tallafe kan da tafukansa daidai yadda ya same shi, bai miƙe shi ba, bai juya shi ba.

Idon Auta a buɗe, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Goshi ya tsage, amma jinin ba na tayar da hankali ba ne. Ƙusa ya tambaye shi ina ke ciwo, ya hana shi nunawa, ya ce da baki zai faɗa. Auta ya ce wuya. Ya ce masa ya motsa yatsun ƙafa. Na hagu suka motsa, na dama shiru. Hannu fa? Auta ya ce kamar tururuwa ke yawo a ciki.

Ƙusa ya ce wa matarsa ta zaro waya daga aljihunsa, akwai lambar motar asibiti a manne a bayanta. Ya faɗa mata abin da za ta ce ɗaya bayan ɗaya: ya faɗo daga tsayin mutum biyu, yana magana, yana numfashi, wuya na ciwo, ƙafar dama ba ta motsi. Telan da ke ƙofar gida ya shigo a guje, Ƙusa ya ce ya tura wani bakin titi ya tsaya ya nuna wa motar layi, shi kuma ya dawo.

Kafin nan tsohon ya riga ya tada ƙaramar motarsa, ya kawo ta bakin ƙofa, ya buɗe baya. Ya shigo yana naɗe hannun riga.

"Tela, kama ƙafafu. Kai kuma saki kan nan ka kama kafaɗa."

Ƙusa bai ɗago ido ba. "Baba, ba za a ɗaga shi ba."

Matar Ƙusa ta dubi mijinta kamar yau ta fara ganinsa.

Tsohon ya ce ya kwashi mutane daga kan kwalta tun Ƙusa bai san hannun damansa ba. Ya ce asibiti minti goma ne, shi da idonsa a rufe ma zai kai. Duk gaskiya ne, Ƙusa ya sani. Abin da bai sani ba shi ne nawa daga cikin waɗanda tsohon ya kwasa suka sake taka ƙasa, kuma ba tambayar da ake yi wa suruki ba ce. Sai ya yi bayani da abin da ya iya. Ya ce cikin ƙashin wuya akwai wata jijiya kamar babbar wayar da ke kai wuta inji. In ƙashin ya tsage, ana lanƙwasa shi zai iya datse ta, kuma wannan ba a yi mata ɗori. Ya ce kujerar baya ba za ta ɗauki Auta a miƙe ba, sai an naɗe shi.

"Kwana biyar," in ji tsohon. "Karatun kwana biyar za ka yi mini a cikin gidana."

Tsohuwa, uwar Auta, ta iso da kofin ruwa. Ƙusa ya ce kada a ba shi ko ɗigo, zai iya shaƙe shi, kuma wataƙila a yi masa aiki. Ya roƙe ta ta kawo zane ta lulluɓe shi, ta danne goshin da tsumma mai tsabta, a hankali. Ta dubi mijinta, ta dubi ɗanta, ta tafi ɗauko zanen.

Minti goma ya wuce, sha biyar ya wuce. Maƙwabta sun cika ƙofa, kowa da maganinsa. Wani ya ce a ja masa wuya ya koma wurinsa, wani ya ce motar asibiti sai an gama makoki take zuwa. Tsohon yana kai da komowa, makulli na ƙara a hannunsa. Ya tsaya a kan Ƙusa ya ce, ba da ƙarfi ba wannan karon, in ɗansa ya cika a kan simintin nan ana jira, to Ƙusa ya nemi wasu surukan.

Maganar ta shige shi, don shi kansa ba shi da tabbas. In jini na taruwa cikin kan Auta, kowane minti asara ne, kuma laifin nasa ne. Abin da yake da shi kawai maganar nas ɗin: muddin mutum yana numfashi, yana magana da hankalinsa, ba wuta ba ruwa da zai cinye shi, to a bar shi inda yake, kuma wanda ya kama kai ba ya saki sai an karɓe shi. Don haka ya dinga jan Auta da tambaya. Yau wace rana? Wa ke tsaye ta ƙafarka? Auta ya amsa duka daidai, har ya ƙara da cewa, "Yaya, hannunka warin baƙin mai yake. Likita ba ya wanka ne?"

"In ka tashi ka saya mini sabulu. Daina motsa haɓa."

Can Auta ya ce zuciyarsa na tashi. Ƙusa ya ga maƙogwaronsa yana motsi. A rigingine, amai hanyar numfashi zai bi. Dole a juya shi, kuma dole a juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya. Mutum uku yake bukata ban da shi. Ya ce tela ya kama kafaɗa, matarsa ƙafafu. Saura ƙugu, wurin nauyi, kuma duk cikin taron ba hannun da ya yarda da shi kamar na mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaure kaya.

"Baba, durƙusa nan. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a cinya. Sai na ce uku."

Tsohon ya tsaya. Auta ya yi wani kakari. Tsohon ya jefar da makulli ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ƙusa ya ce ɗaya, ya ce biyu, sai ya ga tsohon ya fara ja.

"Ban ce uku ba!"

Tsohon ya dakata. Da uku ta fito suka mirgino shi tare, Ƙusa yana bin jikin da kan, kuncinsa kusan a ƙasa. Aman ya zubo a kan hannun rigar Ƙusa. Tsohuwa ta share bakin ɗanta da gefen zane, numfashin ya dawo sarai. Ƙusa ya ce a bar shi haka a gefe, kowa ya riƙe inda ya riƙe.

Haka motar asibiti ta same su, minti talatin da huɗu bayan faɗuwar, su huɗu a durƙushe cikin ruwa. Ma'aikaciyar da ta shigo ba ta gaida kowa ba. Ta tambayi wa ya kama kan, tun yaushe. Ƙusa ya ba ta labari a taƙaice: tsayin, lokacin, ƙafar dama, tururuwar hannu, amai sau ɗaya, ba a ba shi komai ba. Ta ɗora hannuwanta a kan nasa ta ce ya zare. Yatsun suka ƙi buɗewa, sai da abokin aikinta ya ɓamɓare su ɗaya ɗaya. Suka sa wa Auta abin tallafe wuya, suka ɗaure shi a kan allo, suka fita da shi. Tsohon ya kasa tashi, tela ne ya ɗaga shi.

Da la'asar likita ya fito ya ce ƙashi biyu ne suka tsage a wuya, jijiyar ta matsu amma ba ta yanke ba. Ƙafar dama kuma sai an ga abin da makonni za su yi. Bai yabi kowa ba, ya wuce wurin wani.

Tsohon ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwar Ƙusa. Har yau yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa da an bar shi ya kai yaron da wuri, da yatsu biyu na hannun daman Auta ba su sandare ba. Ba mai iya tabbatar masa ko ƙaryata shi, Ƙusa ma bai gwada ba.

A mako na bakwai aka sauko da Auta daga gado. Ya dafa ƙarfen dogarawa, ya ja ƙafar dama, ya taka daga gadon zuwa ƙofar ɗaki, taku goma sha ɗaya. Ya zauna a kujera yana haki, gumi na zuba, ya tambaya ko akwai abinci.