Gonar Na Allah Ce Ta Ƙarshe

"Layin wa ne bana?" Na Allah ya tambaya daga kan tabarma, muryarsa da ƙyar take fita.

Danda, babban ma'aikacinsa, ya ce nasa ne. Ni da na shigo dubiya na kasa kunne, don shekara goma sha biyar ina maƙwabtaka da mutumin nan a Tasawa, abu ɗaya ya hana ni sakat. Yana ƙera amalanke, ina ɗinki. Teloli sun shiga shagona sun fita ba adadi, shi kuwa mutum shida ɗinsa suna nan kamar an dasa su. Ba zan ɓoye ba, har hassada na yi. Na taɓa tambayar Danda ko wani laƙani ake ba su, ya yi dariya ya wuce.

Ranar nan na matsa wa Danda a zaure. Ashe idan ruwan shuka ya sauka, Na Allah rufe wurin aikin yake yi, su ɗunguma gonar kowane ma'aikaci bi da bi, daga Maijirgi har Urafan, shi ma da sunguminsa. Tasa gonar ce ta ƙarshe, ko da laimar ƙasa ta kusa ƙarewa. Ni da na ɗauka rufe shagon sakarci ne.

Mahaman, ɗan Na Allah da ya dawo daga Maradi, yana jinmu. Ya ce shi dai ba zai rufe wuri sati guda ana jiran kaya ba. Na ga Danda ya sunkuya ya dubi takalmansa, irin kallon da telolina suke yi kafin su tafi.

Na Allah ya rasu ranar Talata da hantsi. Ranar sadakar uku aka wayi gari da ruwa mai yawa. Na buɗe shago da wuri don in ga wa zai zo aiki, wa zai tafi gonarsa.

Duk shidan suka zo, kowa da sungumi a kafaɗa. Mahaman ya tsaya da makulli a hannu.

"Baba Danda, ai layinka ne."

"Bana da gonar mahaifinka za mu fara. Tunda nike nan bai taɓa samun ruwan farko ba."

Mahaman ya daɗe yana juya makullin, sannan ya sa shi aljihu. Ya shiga gida ya fito da sungumin mahaifinsa, wanda ƙotarsa ta yi santsi, ya bi bayansu yana riƙe da shi a karkace.