Sheƙar Shamuwa a Bakin Bututu

"Riƙe tsanin da kyau mana, Obrad, ko ba ka karya ba ne?" in ji Radivoye daga sama. Bai rufe baki ba tari ya sarƙe shi.

Na riƙe tsanin ina zaginsa a zuci. Shekara arba'in da ɗaya katanga guda ta raba gidana da nasa, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Mutumin da likita ya sallamo ya ce ya je gida ya huta, huhu ya gama aiki, shi ne manne da bango yana juya hular bututu karo na huɗu tun safe.

Duk saboda Milunka ne, matarsa. Sanyin ƙashi ya ƙandare mata hannuwa, cokali ma da ƙyar, balle gatarin faskare. 'Yarsu Bilyana ta faɗa ta waya daga Jamus, ba ɓoye-ɓoye: in babu wutar da tsohuwa za ta kunna da yatsa ɗaya, gidan tsofaffi za ta kai ta a birnin Novi Sad. Shi ya sa ya sayo murhun gas ya cusa cikin tsohon murhun falo. Ya san ba zai ga ƙarshen hunturun bana ba.

Aikin kuwa ba wuya. Bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, na ciki ya fitar da hayaƙi, na waje ya shigo da iska. A zura su ta tsohuwar hanyar hayaƙi su ɓullo saman rufi, shike nan. Sai dai shekara ashirin ba a hura murhun falon ba, da na itace a kicin suke jin ɗumi, tun ranar da shamuwa ta ɗora sheƙa a bakin hanyar hayaƙin. Tsuntsayen sun tafi tun Agusta, sheƙar na nan tsibi guda kamar kayan kara.

"Duk wanda ya taɓa sheƙar nan, gawa za a fitar daga gidan," Milunka ta ce wa mai haɗa gas ɗin.

"Tsohuwa, gawar ai tana hanya, a taɓa ko kar a taɓa," Radivoye ya ce.

Ta sa gefen ɗankwali ta rufe fuska. Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba. Aka huda bango, aka fitar da bututun ta gefe, ta gabas, daidai inda koshava ke busowa. Wanda ya zauna a yankinmu na Banat ya san iskar nan, sai ta kwana bakwai ba ta gaji ba. Mai haɗawar ya ɗaga kafaɗa ya hau motarsa.

Ranar da nake faɗa, ya sauko muka shiga falo. Ya rage faɗin bakin bututun daga ciki, ya danna maɓalli. Wuta ta tashi shuɗiya, tsaf. Milunka ta miƙa hannuwa. Can iska ta bugi bango, harshen ya koma rawaya, ya kwanta, murhun ya yanke gas da kansa, ƙit.

"Ai ta fi ta jiya daɗewa," in ji Milunka.

A tsakar gida na ja hannunsa. "Maƙwabci, ran Lahadi in ta tafi coci, ni zan hau in watsar da tsiyar nan. Minti goma."

Ya daɗe yana neman numfashi. "Gani take in sheƙar na nan, ni ma ina nan. Da shebur za ka gaya mata gaskiya?"

Raina ya ɓaci, har yau ban san da wa nake fushi ba.

Kwana tara muka ƙara. Da ƙafa ta gaza, sai ni ke hawa, shi yana kujera yana ba da umarni ta taga. Ran Laraba da rana ya ce, "Karkata ta hagu kaɗan, kamar faɗin yatsa." Na karkata. Na ce, "Yaya yanzu?" Milunka ce ta leƙo tagar a maimakonsa, ina ganin fuskarta na sauko.

Bayan mun binne shi mun dawo daga maƙabarta, ana shan barasar nan tamu, rakiya, na same ta a kicin. "Milunka, abin da kike tsoro ya riga ya faru. Bari in hau."

Ta dube ni. "Ɗaya aka fitar, Obrad. Ina da 'ya."

Bilyana, da ta zo jana'izar, ta danna maɓallin sau uku a gabana, sau uku wutar na mutuwa. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin mahaifiyarta. Ni aka bar wa mabuɗi.

A ƙarshen Maris shamuwa suka dawo, su biyu. Daga tsakar gidana nake jin su suna buga baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, suna gyara kara. Tsanin na nan jingine da bangon gabas, ƙarƙashin hular bututun da ta karkata hagu kaɗan.