Wankan Bashira

Ranar da Bashira ta rasu, ruwa bai janye daga garinsu ba. Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, ya cinye gidaje da gonakin shinkafa, mutane suka tare a makarantar firamare da ke kan tudu. A nan amai da gudawa ya ɓarke. Bashira ta kwanta da hantsi, kafin la'asar ta cika.

Yayarta Hajo ita ce mai wankan gawar mata a garin. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure ƙugu, ta ɗauki buta da sabulu, ta nufi ajin da aka shimfiɗe gawar. A bakin ƙofa ta tarar da 'yarta Amira, ma'aikaciyar lafiya, ta tare hanya.

"Iya, ba za ki taɓa ta da hannu haka ba. Cutar tana jikinta har yanzu. Ga safar hannu, ga ruwan magani."

"Matsa min!" in ji Hajo. "Ni na goye ta. Yau ki ce in sa roba kamar zan kwashe mushe?"

Hayaniyar ta jawo Liman Nu'uman. Hajo ta ɗauka zai tsawata wa yarinyar, sai ta ji ya ce, "Hajo, wanka haƙƙinta ne, kare ranki kuma wajibi ne. Sa safar, wankan ya yi. Ki tuna wanda ciwon ciki ya kashe yana da ladan shahada."

Ran Hajo ya ƙara ɓaci. "Kowa ya samu abin faɗa! To ku amsa min, Malam. Randa ɗaya muke sha, moɗa ɗaya. Me ya sa ita ta tafi, ni ko ciwon kai ban yi ba?"

"Kwananta ne ya ƙare."

"Na sani! Ban yi saɓo ba. Ta ina abin ya shige ta nake tambaya."

Liman ya dubi Amira, ya ce wannan ita ta karanta. Amira ta yi bayani a hankali. Ruwan masai ya malala cikin rijiya, ya kai ƙwayar cutar. Cikin mutum yana da wani tsami da kan kashe ƙwayar kafin ta yi ɓarna. Inna Bashira kuwa kullum tana shan maganin gyambon ciki, shi kuma rage tsamin yake yi. "Wataƙila shi ne, Iya. Ban ce tabbas ba."

Hajo ta tsaya cak. Ita ce take sayo maganin nan duk lokacin da ta shiga Haɗeja. Ta yi jifa da butar, ta bugi bango.

"Wato ni na kashe ta! Na gode, 'yar boko, kin sanyaya min rai!"

Malam Shu'ibu, mijin Bashira, tsohon malamin makarantar nan ne. Tun da aka yi rasuwar yana jingine da bango. Sai yanzu ya ɗago kai.

"Yaya Hajo, da kike sayo mata, me kika nufa?"

"Ta samu ta yi barci, mana!"

"Ta samu?"

"Ta samu."

"To ni na sa aka haƙa rijiyar nan, don yara su daina shan ruwan fadama. Tun ɗazu nake tambayar kaina ko ni na kashe ta. Na juya, na juya, na ga sanadi daban, laifi daban. In duk wanda hannunsa ya taɓa sanadi mai laifi ne, ba wanda zai sake taimakon wani."

"Kana nufin ba mai laifi?" in ji Hajo. "Mutanen ƙaramar hukuma da aka yi ta roƙo su share ciyawar kachala da ta toshe kogi, suka zo suka ɗauki hoto suka tafi fa?"

"Su sun sani, suka ƙi. Wannan shi ne laifi. Ki ajiye musu fushinki, ni ma ina da nawa. Amma yanzu rana tana faɗuwa, kuma Bashira tana jiran ki."

Hajo ta daɗe tana huci. Sannan ta fizge safar daga hannun Amira, ta zura. "Shigo ki zuba min ruwan naki. Kada ki sake ki yi min magana."

Suka shiga. Hajo ta yi niyya, ta fara da dama, tana wankewa a hankali kamar mai tsoron tashin ta. Warin maganin yana hawa mata kai, tana tsaki, ba ta fasa ba. Da ta zo tsefe kitson da ita ta yi mata kafin ambaliya, sai kukan ya ƙwace mata. Amira ta ci gaba da zuba ruwa, ita ma tana hawaye.

Kafin magariba aka yi salla, maza suka sa gawar a kwalekwale zuwa maƙabartar wani gari da ruwa bai kai ba. Hajo ta tsaya a bakin ruwa har suka ɓace a bayan ciyayi. Da ta juyo, ta ce wa Shu'ibu gobe da safe zai raka ta sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma ba ta son a ba ta haƙuri a hanya.