Fitilar Mama da Ledar Baba

Babanmu, Alhaji Audi, bai yarda a cire leda daga sabon abu ba. Tun yana aikin gwamnati haka yake, da ya yi ritaya kuma abin ya ƙaru. Kujerun falonmu a Unguwar Dosa duk cikin ledarsu suke. Baƙo ya zauna da zafi, in zai tashi sai riga ta manne masa a baya. Rimot ɗin talabijin ma a ƙunshe yake kamar daddawa.

Mamanmu, Hajiya Hansai, da furfurarta ta shiga Islamiyyar matan aure, ta dage har aka sa ranar saukarsu. Baƙara kaɗai ta rage mata. Sai dai idonta ya yi rauni, ɗakinta kuma ko da rana da duhu-duhu saboda katangar maƙwabta. In ba ta ƙarasa ba, tana zaune cikin 'yan kallo ƙawayenta za su sauke. Abin ya dame ta, ni ma Nafisat ya dame ni ƙwarai.

Da wata fitilar LED mai ƙarfi take karatu, wadda Yaya Rilwanu, injiniyan gidanmu da ke Legas, ya kawo mata. Ana cikin haka fitilar ta fara dusashewa. Yaya ya ce man da ke tsakanin farantin ƙwayayen da ƙarfen baya ne ya bushe. Ya aiko da wani ɗan faifai ruwan toka, siriri kamar takarda, ya ce a shimfiɗa shi a wurin, shi zai riƙa miƙa zafin ga ƙarfen, ƙarfen ya bai wa iska. Na ce a kira mai gyara.

"Mai gyaran me?" in ji Baba. "Tun ba a haifi yayanki ba nake riƙe sukudireba."

Ya kulle kansa a ɗaki ya ɗaura faifan, ya fito yana baza babbar riga. Aka kunna, haske tar! Mama ba ta gama shafi ba ya fara ja da baya, har da wani ƙauri. Na taɓa gaban fitilar na janye hannu da sauri, amma ƙarfen baya ko ɗumi bai yi ba. Mama ta rufe Alƙur'aninta a hankali.

Na kira Yaya ta bidiyo. Baba ya kwance fitilar, ya ɗaga faifan yana ƙyalli.

"Ga shi nan sabo fil, ko yatsa bai taɓa shi ba."

Yaya ya matso da fuskarsa, ya yi ta ƙoƙarin danne dariya. "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ledar gaba da baya fa? Ɓare su ake yi."

"Sai ya yi datti?"

"Ai dole ya manne da ƙarfe jiki da jiki. Ledar ce ta tare zafin, ya rasa hanyar fita."

Mama ta gyara mayafinta. "To Alhaji, ka ji. Fitila ma gumi take. Mu da muke shan gumin ledarka a kujera, wa muka faɗa wa?"

Baba ya ɓare ledojin yana yamutsa fuska kamar ana cire masa haƙori, ya ninke su ya sa a aljihu. Wannan karon ƙarfen baya ya ɗauki ɗumi, haske kuma ya tsaya cak. Mama ta yi ta karatu safe da yamma har ta kai ƙarshen Baƙara.

Ranar walima muka dawo daga makaranta, Mama riƙe da allonta mai zayyana. Muna shiga falo muka tarar da Baba tsaye da almakashi, tarin leda a ƙafarsa. Babbar kujerarsa ya tuɓe wa leda. Ashe koriya ce mai laushi, duk shekarun nan ba mu sani ba! Sauran dai suna nan cikin ledarsu, kada ma wani ya sa rai.

"Bismillah, Malama," ya ce. "Zauna."

Mama ta zauna, ta shafa hannun kujerar, tana dariya hawaye na zuba a kan sabon yadin. Baba na kallo, bai ce a goge ba.