Bangon Bahago

Abu tara jami'ar ta nema daga duk mai son yin digirin digirgir a tarihin zane-zane, Auta kuwa ta haɗa takwas. Na taran shi ne takardar izini. Duk abin da za ka yi bincike a kai, sai ka kawo shaida daga mai shi cewa zai bar ka ka shiga, ka duba, ka auna. Saura mako uku a rufe karɓar takardu.

Abin binciken Auta bango ne. Ita malamar zane ce a wata sakandare, inda ake ba ta aji sau ɗaya a mako, a ƙwace shi duk ranar da malamin lissafi ya ce yana baya. Bangon kuwa yana saman bene, a ɗakin cin abincin tsohuwar masaƙar da mahaifinta ya yi wa aiki shekara talatin. Wani ma'aikaci da ake kira Bahago ne ya zana shi tun kafin a haife ta, a lokutan hutun rana, da ragowar rinin masaƙa da yake damawa da ƙaro. Mutum arba'in da ɗaya ya jera a layin karɓar abinci, kowa da fuskarsa, kowa da irin tasa gajiyar. Daga baya ya bar aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Shekara huɗu Auta tana zuwa duk Asabar, mai gadi ya buɗe mata, ta tsaya gaban bangon har wuyanta ya ƙage. Ta san inda Bahago ya fara yana ɗari-ɗari, ta san inda hannunsa ya nuna. A ƙarshen layin akwai wata mata a bayan tebur riƙe da ludayi. Ita ce mahaifiyar Auta, wadda ta rasu Auta tana goye, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Sau uku Bahago ya zana wannan fuskar. In hasken safe ya shigo ta taga, ka tsaya a gefe, za ka hangi biyun farko a ƙarƙashin ta ukun. Waya ba ta iya ɗauko su, Auta ta gwada ya fi a ƙirga. Shi ya sa ta rubuta wa jami'a cewa tana buƙatar fitilarsu mai nuna abin da ke ƙarƙashin fenti. A kan wannan ta gina duk takardarta.

"Daktar bango!" in ji mahaifinta duk sanda ya gan ta da takardu. "Mutane suna daktan zuciya, suna daktan haƙori, ke kin ɗauki bango. In ya yi zazzaɓi a kira ki."

"Ai kai ma kana ciki, Baba. Na goma sha bakwai, mai kunnuwa."

"Bahago ne ya ƙara mini su, mugun."

Tsokana ce kawai. Tun da ciwon suga ya cinye masa ƙafa ɗaya, shekara shida ke nan, bai hau benen nan ba. Amma duk Asabar in ta dawo sai ya tambaya, yana kallon wani wajen, "Tana nan?" Ita kuma ta ce, "Tana nan."

Masaƙar ta daɗe da mutuwa, yanzu rumbunan ajiya ake hayarwa a ciki, ƙarƙashin wani manaja da bai taɓa taka benen ba. Auta ta ji tsoron kada ya raina maganar, don haka ta zuba wa wasiƙarta gishiri. Ta ce bangon ba shi da na biyu. Ta ce manyan farfesoshi za su zo takanas su gan shi, sunan kamfani ya shiga littattafai. Manaja ya karanta sau biyu, ya gyara zama.

"Farfesoshi? Nan?" Ya shafa haɓa. "Malama, ba ni mako biyu. Kada ki wahalar da kanki da zuwa, ni zan kira ki."

Ta fita ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna. Ko a mafarki ba ta tambayi kanta abin da takarda mai layi huɗu za ta yi da mako biyu ba.

Ranar da ya kira ta, tun daga ƙasan bene ta ji warin. Warin sabon fenti ne, mai mai, irin wanda ake shafa wa ƙofar shago. Ta ci gaba da hawa tana cewa ƙila tagogi aka yi wa. Manaja yana gaba yana haki, makullai suna kaɗawa a hannunsa.

"Rufe ido, malama," ya ce, sannan ya tura ƙofa.

Bangon yana ƙyalli kamar sabon kwano. Mutane ne a layi, sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa, dukansu fuska ɗaya, dukansu baki har kunne. Auta ta ƙirga ba da niyya ba. Talatin ne.

"Sun yi cunkoso, sai muka rage," in ji manaja. "Kuma na ce a sa su dariya. Da na hau na gani, wallahi kunya ta kama ni. Duk ya koɗe, mutane a yamutse kamar masu zaman makoki. In bar baƙi su ga wannan? A ce mu ƙazamai ne?"

Mai fentin yana tsaye a gefe, dattijo mai ladabi, yana goge hannu da tsumma, yana jiran yabo. Auta ta matsa kusa da shi. Abu ɗaya ya rage mata, fitilar jami'a, wadda ke ganin abin da ke ƙasa.

"Baba, a kan tsohon ka shafa?"

"Haba malama!" Har ya ɗan ji haushi. "Ni ba na aikin ha'inci. In ka shafa a kan tsoho, wata shida ya ɓanɓare. Kankare shi na yi tas, har siminti, kwana uku ina yi. Wannan sai ya shekara ashirin."

Ta tafi ƙarshen layi. Matar tana nan da ludayinta, an sa mata jan baki da dogon gashin ido, irin na allon shagon gyaran gashi. Auta ta tsaya a gefe, inda ta saba tsayawa, ta karkata kai. Hasken safe yana shigowa yadda ya saba. Babu komai a ƙasa.

Ta so ta yi ihu, ta rasa wanda za ta yi wa. Mutanen nan biyu ba su cuce ta ba, karrama ta suka yi. Shekara arba'in bangon ya yi lafiya lau don ba wanda ya damu da shi, ita ce ta je ta nuna shi da yatsa. Baƙin cikin da ya fi ci mata rai ke nan.

Manaja ya miƙa mata takardar, da hatimi da sa hannu. An rubuta cewa an ba ta cikakken izini, kuma bangon yana cikin kyakkyawan yanayi. Ya ce su tsaya a yi hoto. Ta tsaya tsakaninsa da mai fenti, aka ce a yi murmushi, ta yi. Har godiya ta yi, don haka aka rene ta.

A motar haya ta buɗe jakarta ta dubi takardun. Yanzu sun cika tara cif. Za ta iya turawa yau ma, ƙila har a ɗauke ta, a ba ta fitila ta zo ta haska siminti. Ta ninke takardar izinin gida huɗu, ta tura ta can ƙasan jaka.

Da ta shiga gida sai ta tarar da mahaifinta a bakin gado, ya sa rigarsa ta zuwa biki da hula, sandunansa biyu a jingine kusa da shi. Har aski ya yi.

"Mai gadi ya bugo mini," ya ce. "Wai an gyara wajen, ya fito fes. Na ce to, yau dai ko da rarrafe sai na hau benen nan. Kira mana mota, Auta."

Ta ajiye jaka a hankali. Ta durƙusa tana gyara masa takalmin ƙafarsa ɗaya, wanda ba abin da ya same shi.

"Fentin bai bushe ba, Baba. Sun kulle. Sai wani makon."

Ya dubi sandunansa. Sannan ya cire hular, ya kaɗe ta, ya ɗora a gwiwa.

"To, ba komai," ya ce. "Ai tana nan. Ina za ta?"