Takalmin Auta

…kuma da wannan takalmin za ta koma gida. Shi nake kallo tun ɗazu, ba 'yan tsakin ba. Baƙin takalmin roba ne mai tsagi-tsagi a ƙasa, kashin kaji ya cike kowane tsagi, kore-kore, mai ruwa, irin wanda ya cinye mini 'yan tsaki goma sha ɗaya cikin kwana uku. Auta tana tsugune a ɗakin kajina, ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana yi mini aikin da na kasa. In ta gama za ta taka da shi har gidanta, ta shiga wurin kajinta sittin, ta zuba musu dusa. Magana ɗaya ce fa. Auta, wanke takalminki kafin ki tafi. Ga roba can bakin famfo, ga maganin da likitan dabbobi ya ba ni, ko murfinsa ban buɗe ba… To me ya riƙe mini baki?

Ni na koya mata ma. Ni! Ranar da na miƙa mata kazarta ta farko, 'yar wake-waken nan mai ɗingishi, wadda na ba ta don na gaji da ciyar da ita, na tsayar da ita a tsakar gidan nan ina yi mata karatu. Ba a fita daga wurin marasa lafiya a shiga wurin masu lafiya da takalmi ɗaya. Sabon zakara sai ya yi sati biyu a ware. Tana ta gyaɗa kai, to Yaya, to Yaya, ta rungume kazar cikin mayafi. Shekara shida ke nan. Mai ɗingishin nan ce ta cika mata gida, ni kuwa mai zaɓaɓɓu…

Ta ɗauki ɗan tsako na uku. Wanda wuyansa ya murɗe, baki na kallon sama, yana juyawa a wuri ɗaya tun jiya. Likita ya ce a waya waɗanda suka kai haka ba sa tashi, kar in bar su suna wahala, in gama musu da sauri in binne. In gama musu — da wane hannun? Na ɗauki wuƙar da safe, na wasa ta, na ajiye. Na sake ɗauka, na sake ajiyewa. Ita kuwa dubi, ta shafa masa baya da ɗan yatsa, ta rufe masa ido da tsumma, leɓenta ya motsa da bismillah, sau ɗaya, shi ke nan. Ko ƙara bai yi ba. Ta kwantar da shi a kwali a hankali, ta goge wuƙar. Har kisan ma nata ya fi nawa tausayi, wallahi abin da ciwo.

Wa ya kira ta ma? Ba ni ba. Baban yara ne, yana can kan hanya da babbar mota, ya ji muryata a waya ya ce in kira Auta, ita ta san kan abin. Ita ta san kan abin! Na ce masa kajin nan ina kiwon su tun Auta ba ta san ina ake zuba ruwa ba. Ya ce to, to, ya kashe. Ashe kashewar da ya yi ita ya bugawa. Sai ganinta na yi a ƙofa tana haki, ɗankwali a karkace, jaka a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba ta wuce bayan gida. Ba ta ce mini yaya aka yi ba. Da ta tambaya ma da ya fi mini sauƙi, da na sami abin da zan yi faɗa a kai.

Don ta gan shi. Na san ta gan shi. Ga shi can a kusurwa ya takure, ƙaton jan zakaran da na sayo a kasuwa ranar Laraba waccan, zankonsa ya yi baƙi, yana numfashi da baki a buɗe. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Zakara tara gare ni a gidan nan. Tara! Ƙwai goma sha biyu na sa wa kaza, tara suka fito zakaru, kamar an yi mini baki. Sun fige wa kajina baya, suna faɗa har jini, tela na gidan baya ya yi mini magana sau biyu kan cara, na kasa yanka ko ɗaya don a tafin hannuna suka ci tsaki. Da waɗannan taran a gida na ɗauki ƙafa na je na sayo na goma. Don me? Don na ga farin zakaran Auta, mai ƙirji, mata na tsayawa a bakin katanga suna cewa masha Allah. Na ce ni ma sai na ajiye wanda ya fi shi. Na kawo shi na jefa cikin garke a ranar, ban ware shi ko na awa ɗaya ba… ni mai yi wa mutane karatu.

Ta juya. Yanzu diddigen ma ya nutse. Tana taka wurin da na ga farin kashi da safe, daidai wurin. Faɗa mata mana. Buɗe baki. Me zai rage ki?

Inna ce ta fara. Tun muna yara, in an kawo ɗan akuya maras lafiya, a ba Auta, hannunta na da albarka. Wannan yarinya ko dutse ta sa wa kaza sai ya ƙyanƙyashe, haka take faɗa tana dariya a gaban baƙi. Ni fa? Ni ce mai shara. Ni ce mai ɗebo ruwa, mai kwashe kashi, mai tashi da sassafe in buɗe musu. Babbar akwai ƙoƙari, shi ne nawa yabon. Ƙoƙari! An taɓa tsayawa a bakin katanga don a kalli ƙoƙari? Har Inna ta rasu ƙwan Auta take cewa a dafa mata, wai ya fi ja a ciki. Na taɓa kai mata nawa a cikin kwanon Auta, ta ci ta ce ka ji bambanci. Ban gaya wa kowa ba, na shiga banɗaki na yi kukana.

Ba so nake su mutu ba. A'a. Allah ya sani ba… To me nake so? So nake ta tashi wata safiya ta buɗe ƙofa ta ga biyu a kwance. Biyu kawai. Uku. Ta ji yadda ciki ke ɗurar ruwa. Ta zo nan da jajayen idanu ta ce Yaya, yaya zan yi? Sau ɗaya a rayuwa ta tambaye ni abin da ba ta riga ta sani ba. Amma cutar nan ba ta san biyu ba, na gani da idona. In ta shiga sai ta share ɗaki.

Kuma da ƙwan nan suke ci. Tun da mijinta ya faɗo daga saman gini bayansa ya ƙi, kajin nan ne gidan. Su ne abincin yara huɗu, su ne maganin mijin. Ni nawa na sha'awa ne, baban yara na kawowa, ko duk sun mutu tukunyata ba za ta sauka ba. Na san wannan. Ina sane da shi sarai, a tsaye nake ina riƙe da murfin kwali, ina sane… kuma bakina a rufe. Wace irin yaya ce ni?

Ai ita ma ta sani. Ba yarinya ba ce. Mai kaji sittin sai an tuna mata? In ta manta laifinta ne, ban ɗaure mata ƙafa ba, ban kira ta ba ma. Wa zai ce ni ce? Za a ce iska ce ta kai, za a ce annoba ce ta shigo unguwa. In je in taya ta binnewa, in riƙe mata kwali kamar yadda… Astagfirullah. Har na ga kaina a gidanta ina ba ta haƙuri, har na ji daɗin muryata.

Ta gama. Bakwai a kwali. Jan zakaran ne na ƙarshe, ta ce in juya baya in ba na son gani, na juya, ni babba. Ta haƙa ramin da kanta a gindin katanga, da zurfi, ta zuba toka, ta rufe, ta take da wannan takalmin dai. Tana gaya mini in raba sauran gida biyu, in ƙone shimfiɗar ƙasan, zakarun nan tara in sun tsira in rage su ko don kajin su huta, za ta zo ta taya ni. In komai ya lafa za ta kawo mini 'yan ɗakwale shida daga nata. Daga nata. Kyauta. Ta wanke hannu a famfo har gwiwa, da sabulu, sau biyu, robar tana nan kusa da ƙafarta, tana kusan taɓa ta. Yanzu. Yanzu ne lokacin.

Muna tafiya zuwa ƙofa. Sawunta na bin siminti, kore, kore, kore. Ta ɗauki jakarta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe, ta fi yadda mai tafiya ke daɗewa. Ba ta kallon jakar, ni take kallo.

“Yaya, ba abin da na manta?”

“Babu. Ki gaida yara.”

Ni na faɗa. Muryata ce, lafiyayya, ko rawa ba ta yi ba.

Ta ce to. Ta fita. Ban rufe ƙofar duka ba, ina leƙe ta tsakanin ƙyaure da bango, in kira ta, in kira ta, bari ta kai kwana sai in… Ba ta kai ko'ina ba. Taku biyu ta yi ta tsaya. Ta dafa bango ta zare na dama, ta zare na hagu, ta jera su a gefen dakalina. Ta buɗe jaka ta ciro silifa a cikin leda, da wani zane, ta sauya na jikinta ta ƙulle shi a ledar. Tun daga gida ta taho da su. Tun kafin ta shigo.

To me ya sa ta tambaye ni?

Ba ta waiwayo ba. Kullum tana waiwayowa a wurin kwanar nan ta ɗaga mini hannu, yau ba ta… Ko sauri take? Mijin na jira, yara sun kusa tasowa daga makaranta, ƙila sauri ne. Ƙila waya take nufi, ko wuƙa, ko makulli. Ƙila. Kajinta sun tsira, sittin ɗin nan cif, ba da ni ba. Ya kamata in ce alhamdulillah, ina ta neman kalmar a bakina, na zauna a dakalin. Gobe za ta kira ta tambayi sauran kajin, na san ta, za ta ce Yaya ina kwana — da wace murya? Ni kuma in amsa da wacce?