Golan da Ya Tsare Raga a Kebbe

Duk fitinar nan Atu ne ya jawo ta. Kulob ɗinmu, Guguwar Tambuwal, zai cika shekara hamsin, sai kwamiti ya yanke shawarar a rubuta sunan golan da ya fi kowa a tarihin kulob a jikin sabuwar katangar da ke bayan ragar gabas. Suna ɗaya tak. Ni da nake sakatare har na ɗauki biro zan rubuta Ɗangiwa, don a ganina ba magana ce ta taro ba, sai Atu, shugaban magoya baya, ya ɗaga hannu.

"Malam Haliru, dakata. Mannir fa?"

Mannir! Ban ce yaron bai iya ba. Ya tsare mana raga daga 2003 zuwa 2012, akwai kakar da aka yi wasa tara a jere ba a zura masa ko ɗaya ba. Amma a haɗa shi da Ɗangiwa? Raina ya ɓaci har na ji kunnena ya yi zafi.

Duk ɗan Tambuwal ya san ranar Kebbe. A 1984 aka yi wasan ƙarshe na Kofin Yanki a filin Kebbe, mu da 'yan garin, aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti, Ɗangiwa ya kama uku a jere. Ina da shekara bakwai lokacin, kuma ban manta shigowar motar katakon nan gari ba, ga kofi a sama, ga Ɗangiwa zaune kusa da shi, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Aka ce zafin ƙwallo ne ya kumbura shi.

Yau Ɗangiwa ya haura saba'in, yana gyaran keke a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da tasha. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta. Abin da yake da shi a garin nan shi ne in ya wuce a ce "Na Kebbe!" ya ɗaga hannu, in an yi taro a ba shi kujerar gaba. Wannan ɗin ne Atu yake so a miƙa wa wani.

Na zayyane musu labarin tun daga farko, kamar akwai wanda bai san shi ba. Atu ya bari na gama, sannan ya ce, "Kai ka gani da idonka? Labari na kawai. Na Mannir ga shi ga waya, kowa shina iya kallo. Gani ya kori ji."

Abin haushin shi ne yana da gaskiya. Mutum ashirin da biyu ne suka shiga motar nan, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ɗangiwa kuwa bai taɓa yarda ya ba da labarin ranar ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ikon Allah na," ya ci gaba da ɗaure sarkar keke. Mu duk mun ɗauka kawaici ne.

Na buga tebur na ce su ba ni mako guda, zan je Kebbe in kawo shaida daga bakin waɗanda aka ci. Ashe ruwan dafa kaina zan ɗebo.

Ranar Asabar da sassafe na hau babur. Gero ya yi kai, hanya duk laka, sau biyu ina sauka in tura. A kasuwar Kebbe aka nuna mini rumfar Na'iya, tsohon kyaftin ɗinsu, wanda ya buga fenariti na ƙarshe. Dattijo ne mai fara'a, yana auna dawa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ajiye mudu, ya shimfiɗa mini buhu, na kunna wayata ina ɗaukar muryarsa.

"Ɗangiwa!" ya ce, yana girgiza kai. "Yaro, shekara arba'in ban bar mafarkin mutumin ga ba. Na buga ƙwallo har Birnin Kebbi, ban ga irinai ba. Ni nib buga ta ƙarshe, na saka ta can sama ga kwana, inda ko tsuntsu ba ya kai. Sai nig ga hannu ya taho."

Daɗi ya cika ni. Na ce a raina, Atu, ka shiga uku.

"Shina nan lafiya?" in ji Na'iya. "Har yanzu shina limanci?"

Na ce, "Limanci kuma, Baba? Gyaran keke yake yi."

"Wane irin keke? Bara waccan na gane shi Sanyinna wurin ɗaurin aure, shi yaɗ ɗaura ma. Yana ɗaga hannu shi yi addu'a nig gane hannun. Ƙaramin yatsan hagu a karkace. Ni da hannun ga yah hana ma kofi, in kasa gane shi? Na matsa nic ce mai Ɗangiwa, yak kau da kai. Nic ce to, ya zama babban malami, ba ya son tuna ƙuruciya."

Na lalubo hoton Ɗangiwa a waya na miƙa masa. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya dawo mini da shi.

"Wanga ba shi na ba. Wanga gajere na, baƙi. Golanku dogo na, fari, siriri. Kafin kowane bugu sai ya motsa baki, karatu shika yi."

Sai na ji kamar an kwara mini ruwan randa. Dogo, fari, liman, mai karkataccen ƙaramin yatsa a hagu, mutum ɗaya na sani a duk ƙasar Tambuwal, kuma a bayansa nake salla sau biyar a rana. Malam Sharifuddeen ne, limamin unguwarmu, ɗan babban gidan malamai. Shekara talatin ina zama gabansa, ban taɓa jin kalmar ƙwallo a bakinsa ba sai in zai kori yara daga ƙofar masallaci.

Ban san yadda na yi sallama da Na'iya ba. A hanya har na wuce mararrabar gida sai da wani mai amalanke ya mayar da ni.

Kai tsaye na zarce gindin dogon yaro. Ɗangiwa yana liƙe tayar wani keke, ba kowa a wurin. Na gaishe shi, na tsuguna, na kunna masa muryar Na'iya. Ya saurara har ƙarshe bai ɗago ba. Da aka zo kan yatsa sai hannunsa ya tsaya.

Na ce, "Baba, ka ce mini tsufa ne ya ruɗe shi."

Ya ajiye tayar. Sannan ya ce, "Rantsuwa munka yi ba mu faɗin suna. Ban faɗi ba. Kai kaz zo da abinka."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Kunama ta," ya ce, ya buɗe tafin hannunsa na dama kamar har yanzu akwai abin gani. "Muna sauka mota, na sa hannu cikin takalmi in kakkaɓe shi, tah harbe ni. Kafin a busa usur hannu ya yi kamar tulu. Ba mu da wani gola mai lasin. Shi ko ya biyo mu a ɓoye, ya ce ma mahaifinai Sanyinna za shi mai da littafi. Da ma ni da shi muna zuwa bayan fadama muna wasa inda ba mai ganinmu, na san abin da ag gare shi."

Sauran na san shi, don har gobe ana yi. Aron lasin ake ce masa. Katin ɗan wasa a zamanin nan suna ne da wani ɗan hoto da ko uwar mutum ba za ta gane shi ba. Alƙalin wasa ya kira Ɗangiwa, wani ya amsa, shi ke nan. Amma da an gano, da an karɓe kofin. Da kuma mahaifin Malam ya ji ɗansa ya sa gajeren wando gaban jama'a, Allah kaɗai ya san abin da zai fito daga bakinsa. Saboda haka a kan hanyar dawowa suka tsayar da mota a daji, duk su ashirin da biyu suka yi rantsuwa. Da suka kusa gari Malam ya sauka ya shigo da ƙafa, aka ɗora Ɗangiwa kusa da kofi.

Haushi ya kama ni, ban ma san da wa nake yi ba. Na ce, "Baba, shekara arba'in! Ana ce maka Na Kebbe kana ɗaga hannu!"

"To mi kaka so in yi? In ƙi ɗagawa a tambaye ni dalili?" Ya dube ni a karo na farko. "Haliru, shekara goma sha ɗaya nit tsare ragar Guguwa. Ni da kaina, da hannuna. Faɗa min ƙwallo guda da nik kama nan Tambuwal."

Na buɗe baki. Ni da nake bugun ƙirji na fi kowa sanin tarihin kulob, ni da na kusa dambe da Atu a kansa, na lalubi kaina sama da ƙasa ban sami ko ɗaya ba. Kunya ta rufe ni.

"Ka gani," ya ce, ya ci gaba da liƙinsa.

Ran nan a sallar Magariba ban ji karatun komai ba. Da Malam ya ɗaga hannu yana addu'a, yatsan nan kawai nake kallo. Mutumin da ko tafiya yake yi kamar ba ya son taka ƙasa, wai shi ne ya yi tsalle har inda tsuntsu ba ya kai. Na kasa haɗa su a kaina.

Mako ya cika, aka taru a wani aji na makarantar firamare da nake koyarwa. Ɗangiwa yana kujerar gaba. Mannir ya zo daga Sakkwato inda yake tuƙin mota. Kuma kamar kowane taro a unguwarmu, Malam Sharifuddeen aka gayyato ya buɗe da addu'a, ya zauna a gefe yana jan carbi.

Atu ya ce, "To, Malam Haliru, ina shaidar Kebbe?"

Na miƙe, wayar tana aljihuna kamar garwashi. Na riga na shirya abin da zan yi. Zan kunna farkon maganar Na'iya, in kashe kafin a kai ga limanci. Rabin nan kaɗai ya isa ya rufe bakin Atu har abada, sunan Ɗangiwa ya hau katanga. Na san ƙarya ce, kuma na yi niyyar yin ta.

Ɗangiwa ya riga ni. Ya dafa tebur ya miƙe.

"Zauna, Haliru. Jama'a, roƙo guda nika yi. Ku aje Kebbe gefe. Kada wanda yas sake ambatonta ga wanga lissafi. Ku auna ni da sauran shekaruna, ku auna Mannir da nashi."

Ajin ya kaure. "Subhanallahi!" "Baba, lafiya?" "Don mi?" Wani ya ce ko tsufa ne ya fara taɓa shi. Ɗangiwa ya koma ya zauna. Na saci kallon Malam. Carbin ya tsaya cak a hannunsa, idonsa a ƙasa.

Shi kansa Atu jikinsa ya yi sanyi. A hankali ya ce, "To, Baba, mun ji. Dattawa, sai ku faɗa muna sauran."

Dattawa shida ne a ajin waɗanda suka kalli wasansa, kowa yana duban ɗan'uwansa. Can wani ya ce, "Akwai wata rana da munka yi da Dogon Daji, ƙwallo ta daki turke tad dawo, yaf faɗa kanta…" Sai na kusa da shi ya taɓa shi ya ce wannan Mannir ne, a 2006. Dattijon ya ce, "Haka na."

Aka ɗaga hannu. Mannir goma sha tara, Ɗangiwa huɗu, har da nawa. Ni na rubuta sakamakon. Mannir bai yi murna ba, ya zo ya durƙusa gaban Ɗangiwa ya ce, "Baba, wallahi ban so haka ba." Ɗangiwa ya dafa kansa ya ce ya cancanta. Aka ce Malam ya rufe taro da addu'a. Ban taɓa jin ya yi gajeriyar addu'a irin ta ranar ba. Yana shafawa ya sa takalmi ya fice.

Na ɗauki Ɗangiwa a babur zan kai shi gida. Da muka wuce tasha wani mai shayi ya ɗaga murya, "Na Kebbe!" Ban ji ya motsa a bayana ba. Idona ya cika da ƙwalla.

Sai na ji bakinsa kusa da kunnena.

"Shekarar farko, saba'in da takwas. Wasanmu da Sanyinna, ana ruwa. Wani mai bugun hagu ya taho shi kaɗai, nif fito nit tare shi ga ƙafa, haƙorina guda nan yat tafi. Kana ji?"

Na ce, "Ina ji, Baba."

"Mako biyu bayan nan, Dogon Daji. Bugun kwana fuɗu a jere, duk ni nif fid da su."

Yana faɗa da ranar, da sunan mai bugu, da ɓangaren da ya faɗi. Ko ɗaya bai manta ba. Muka iso ƙofar gidansa bai gama shekara ta biyu ba. Ban tsaya ba, na rage gudu na miƙe hanyar fadama, shi kuma ya ci gaba.